Gidanmu Na Gado A Karaye: Ranar Da Dillali Ya Auna Zauren Kaka

Kafin ki ci gaba da karatu, ki ɗan tuna gidan da aka yanke miki cibi, ko gidan da ake kai ku hutun makaranta ku wuni kuna guje-guje a tsakar gida. Wa ke cikinsa yau? Yaushe rabonki da shi? Idan gobe aka ce an sa shi a kasuwa, wa zai fara sanar da ke?

Ni dai waya ce ta sanar da ni. Ina tsaka da tsintar shinkafa a gidana da ke Kano, saƙo ya shigo zauren WhatsApp na danginmu. Hoto ne na wani tsohon gidan ƙasa mai zankwaye, an rubuta a ƙasansa: gida na sayarwa a garin Karaye, mai faɗi, da rijiya da garka, kusa da hanya. Wata ƙanwata ce ta gan shi yana yawo a wayoyin dillalai, ta turo ba ta ce komai ba. Sai da na buɗa hoton da yatsa na ga dakalin ƙofar gida, na ga wurin da gefensa ya gutsure tun muna yara. Gidan kakanmu ne. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Da gari ya waye na nemi izinin maigida, na goya auta, na kama hanya.

Hanyar Karaye

Idan ba ki taɓa zuwa ba, daga birni ta Kabuga ake fita, a bi titin Gwarzo, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, daga baya a karya kudu. Da kin bar hayaniyar birni sai ƙasa ta buɗe. Ƙarshen damina ne lokacin da na je, dawa ta fitar da kai, masara ta bushe a tsaye tana jiran karya, yara na tallar dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya. Kuka da tsamiya da ɗorawa sun tsaya a tsakiyar gonaki, manoma sun bi su da garma sun bar su, domin kowace da amfaninta a tukunya.

Karaye ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar Kano. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi a zamanin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, fiye da shekara 400 da suka wuce, lokacin da garin yake sansani a bakin iyakar yamma. A zamaninmu kuma kin ji sunansa a rediyo: a 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mai da shi ɗaya daga cikin sababbin masarautu huɗu tare da Bichi da Rano da Gaya, a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sannan a watan Yuli na shekarar aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Ruwan da ke zuwa famfon wasu unguwannin birni ma da sa hannun wannan yanki, domin a nan madatsar ruwan Challawa take, wadda aka gina tsakanin 1990 da 1992. Tsayinta mita 42, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8. Ruwan ya kawo kifi da noman rani, ya kuma haɗiye gonaki da tsofaffin matsugunai. Mutanen wannan yanki sun san yadda ake rabuwa da wurin da aka saba.

Abin da ke cikin gidan

Kakanmu ya gina gidan ne a shekarun 1950, da kuɗin gyaɗa da auduga. Zamanin dalar gyaɗa ke nan a Kano, lokacin da manomin ƙauye kan sayar da amfaninsa da kaka ya biya haraji, ya yi wa iyali ɗinki, ya ajiye saura don gini. Ba a rana ɗaya aka yi shi ba. Bana a ɗora zaure, baɗi a ƙara ɗaki, idan ɗa ya yi aure a yanka masa sashe. Shi ya sa idan kika shiga irin waɗannan gidaje za ki iya karanta tarihin iyali a jikin katanga, ki san wa aka fara aurarwa, ki san shekarar da aka samu da wadda aka rasa.

Zaure ne farko. Ina sa ƙafa sanyi ya tarbe ni, ga rana tana ƙuna a waje. Ba fanka, ba na'urar sanyaya ɗaki. Asirin yana jikin bango. An gina shi da tubali, wato curin jar ƙasa mai kama da ƙwai da ake kwaɓawa da ciyawa a shanya a rana, a jera shi a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Daga ƙasa bangon yana da kauri ƙwarai, yana sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan kauri kan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara shi yake saki. Ke da kike kwana a ɗakin bulo da rufin kwano a watan Afrilu, kin san abin da nake nufi.

Ɗaga kanki sama a zauren, za ki ga bakuna sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya. Wannan shi ne ɗaurin guga. Ƙashin bayansa azara ce, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, gara ba ta cika cin ta ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kamar mita biyu, don haka magina sukan ɗora ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har baka ya tashi. Da irin wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda har yau masana gini ke zuwa kallo. Zauren kakanmu bai kai can ba, amma jininsu ɗaya.

Daga zaure sai ƙofar gida inda samari ke kwana, sai shigifa, sannan cikin gida. A nan duniyar mata take. Ga madafi da murhunsa, bango ya yi baƙi da hayaƙin shekaru. Ga ramin da turmi ya yi wa ƙasa. Ga dutsen niƙa an jingine shi, tun zuwan inji ba a sake taɓa shi ba. Ga rijiya, bakinta duk sawun igiyar guga. Ga rumbu biyu, ɗaya ya rufta. A can baya kuma garka, inda Inna ke shuka kuɓewa da yakuwa da barkono, da wata tsamiya wadda duk jikokin gidan sun sha faɗowa daga kanta.

Mutum ɗaya ya rage a gidan: Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo ɗakin mahaifiyarta. Na same ta a kan tabarma tana gyaran zogale. Jeren Inna na nan a bayanta, langa da tasa da fanteka an ɗora su har kusa da rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa.

Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, me nake ji haka?"

Ta ce, "Abin da kika ji, 'yar nan. Shekaranjiya wasu suka zo da igiyar awo. Har ɗakin nan suka leƙo, suka ce in ɗan gusa."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Na gusa."

Wannan kalma ta "na gusa" ita ta hana ni komawa Kano a ranar.

Ba mugu a cikin labarin

Uwargida, kada ki ɗauka zan nuna miki wani azzalumi. Babu shi. Baffanmu, wanda shi ne babba a yanzu, shi ya kira dillali. Ciwon ƙoda ya kama shi, ana yi masa wanki duk mako, ya sayar da gonarsa, ya sayar da babur ɗin ɗansa. Yayanmu kuma yara uku ne gare shi a manyan makarantu. Da na je gaishe da Baffa na durƙusa na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara lafiya, mun ga hoton gida a waya." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ke kina ganin daɗi ne ya sa? A zauren nan na yi saukar Alƙur'ani. Amma gidan da ba mai yaɓe, damina biyu ta ishe shi. Gara a sayar da gida da a sayar da kango."

Gaskiya ya faɗa. Gidan ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana bin rufi da bango da yaɓe, a gyara indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin katanga. A da akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a bi shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Yau marina ta ja baya, masu haɗa laso sun yi ƙaranci, samarin da za su yi gayyar yaɓe suna Kano da Abuja da Legas wajen nema. Idan indararo ɗaya ya toshe a watan Agusta, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe, sai a wayi gari ɗaki ya zauna. Sau da yawa da mutane a ciki. Wanda ya ce a bar tsohuwa a irin wannan gida ba tare da gyara ba, bai ƙaunace ta ba.

Kuskurenmu ɗaya ne, kuma na san ba mu kaɗai ba ne: tun rasuwar kaka ba a raba gado ba. Kunya ta hana. Aka ce ai gidan kowa ne. Mahaifinmu ya rasu, wata gwaggon ta rasu, rabonsu ya gangaro kan 'ya'yansu da matansu da mazajensu. Gidan da magadansa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, ya zama na mutum fiye da ashirin, har da marayu ƙanana. Gidan kowa kuwa, a wajen gyara, gidan ba kowa ne.

Zarewa, da muryar wata tsohuwa

Kwana biyu bayan haka na wuce Rogo don in sami 'ya'yan marigayiya gwaggonmu, domin su ma magada ne, kuma ba wanda ya tuntuɓe su. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, ƙasa ce mai dausayi, ga rake ga masara ga tumatir, idan lokacin mazarƙwaila ne ƙamshinta kan tare ki a hanya.

A wannan ƙaramar hukuma garin Zarewa yake. Wataƙila kin taɓa jin labarin Baba ta Karo. An haife ta wajen 1877, ta tashi a wani ƙauye mai suna Karo kusa da Zarewa. Da ta tsufa, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ba sarauniya ba ce, ba attajira ba ce. Mace ce irin kakanninmu, ta ba da labarin gidan da ta tashi, da aure da kishi da ƙawance da goyo, da zamanin hare-haren kama bayi, da zuwan Turawa.

Ina cikin mota ina kallon gidajen ƙasa na wannan yanki, wasu a tsaye wasu sun zube, sai tunani ya zo mini. Abin da ya iso gare mu daga gidan su Baba maganarta ce, saboda an sami wanda ya zauna ya saurare ta ya rubuta. Mu kuwa ga Gwaggo da ranta, ta san wanda ya haƙa rijiyar gidanmu, ta san shekarar da aka yi fari aka buɗe rumbun kaka aka raba wa unguwa, ta san cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 ta karya manoma da yawa. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a hannu, amma ba wanda ya taɓa danna ta a gabanta. Da na koma Karaye a daren nan, na ajiye wayata a gefen tabarmarta na ce, "Gwaggo, ba ni labarin ranar da aka kawo Inna gidan nan." Sai da muka kai sha biyun dare.

Yadda wasu ke yi da nasu

'Yar yayata tana karatu a Sikotlan, can arewacin Birtaniya. Da ta ji abin da ake ciki ta kira ni, ta ce ita ma takan ga tsofaffin gidajen dutse na iyali a ƙauyukan can an sa su a kasuwa, wasu sun haura shekara 200. Su ma 'ya'yansu na tafiya birane, su ma gyara na yi musu tsada, su ma suna sayarwa. Bambancin shi ne a can tsufan gida abin talla ne. Mai sayarwa zai faɗi zamanin da aka gina shi, ya nuna tsohon murhu da tsohuwar ƙofa, don su ne ke ƙara masa daraja. Hukumar kula da kayan tarihinsu tana da rajistar gine-gine masu muhimmanci kusan 47,000, an kasa su aji uku, kuma wanda ya sayi gidan da ke cikin rajistar ba shi da ikon rushe shi ko sauya fasalinsa sai da izini. Tun daga Disambar 2008 kuma, doka ta wajabta wa mafi yawan masu sayar da gida su ba mai saye rahoton ƙwararre a kan lafiyar ginin da kimarsa.

A wurinmu dillali bai ko ɗaga kai ya dubi ɗaurin guga ba. Da na tambaye shi ya ce, "Hajiya, ai fili ake saye. Ginin nan ma kashe kuɗi ne, sai an biya masu kwashe ƙasa." Ban ji haushinsa ba, kasuwa ce ta koya masa. Muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ana kai 'yan makaranta su gani, amma gidan talaka na ƙauye, wanda aka gina da hikima iri ɗaya, ba ya cikin lissafin kowa. Idan iyalinsa ba su tsaya masa ba, babu mai tsaya masa.

Abin da ya kamata ki sani

Ga abin da na koya a wannan tafiya, kuma shi ya sa na rubuto miki.

Na farko, kina da haƙƙi a gidan mahaifinki, ko kina aure a wata ƙasa. Shari'a ta ba ɗiya rabin rabon ɗa, ta ba matar mamaci ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ba bashi ba wasiyya, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, aka yi wa gidansa kuɗi naira miliyan 8. Matar tana da miliyan 1. Sauran miliyan 7 a kasa su bakwai, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Wannan kaso naki ne, ba alfarma ba ce. Ba wanda ya isa ya sayar da shi ba da yardarki ba, kuma neman a yi bayani ba rashin kunya ba ne. Idan kin ga dama ki yafe, amma ki san abin da kike yafewa.

Na biyu, akwai abin da malamai ke kira shuf'a. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan mutane sun yi tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon karɓar wannan kaso a kan kuɗin da aka sayar. Mace ma tana da wannan iko. Sai dai ba a jan ƙafa, domin wanda ya sani ya yi shiru har lokaci ya ja, haƙƙinsa na iya faɗuwa.

Na uku, idan gado ya hau kan gado kamar namu, kada a yi lissafin a tsakar gida da ka. A je wurin malamin da ya san ilimin rabon gado, ko kotun shari'a, a bi mamatan ɗaya bayan ɗaya. Rabon maraya kuwa ba a kyauta da shi, ba a yafe shi a madadinsa. A ware, a adana.

Na huɗu, a rubuta. Yawancin gidajen gado na ƙauye ba su da takarda, shaidarsu dattawan unguwa ne, dattawan kuma suna ta tafiya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara. Duk abin da aka yanke, a sa hannu a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, kowane magaji ya riƙe kwafi, ke ma ki ɗauki hotonsa ki adana a wayarki.

Yadda muka ƙare

Mun yi taro a zauren kaka bayan sallar Juma'a, maza a ciki, mu mata a shigifa muna ji, ana tambayar kowace da sunanta. Wannan ne karo na farko da aka tambaye mu. Malam ya yi lissafi, kowa ya ji kasonsa. An yi kuka, an ɗan ɗaga murya, Baffa ya tsawatar.

Ga abin da aka tsayar. Aka yanke garka da sashen da ke fuskantar hanya aka sayar, da kuɗin aka sallami Baffa da marayu da duk wanda ke da buƙata ta gaggawa. Abin da ya rage na masu son fita, mu mata shida muka saya. Wata ta kwashi adashenta, wata ta sayar da ɗan kunne da sarƙa, ni na sayar da injin markaɗena na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan mu da muka rage muka amince aka mai da zaure da shigifa da ɗakuna uku hubusi na iyali: ba a sayarwa, ba a gada, duk macen gidan da mijinta ya rasu ko aurenta ya mutu ba ta da wurin zuwa, tana da ɗaki. Zauren kuma yaran unguwa na karatun allo a ciki da safe. Muka sa wa kanmu ɗan abin da kowace za ta riƙa turawa duk wata, don yaɓe kafin damina. Wani tsohon magini a garin ya karɓi aikin, ya ce zai zo da jikansa ya koya masa.

Ba zan ɓoye miki ba, mun yi asara. Tsamiyar nan ta tafi tare da garka. Wanda ya saya ya sare ta a mako na farko, ya ɗora shaguna na bulo. Haƙƙinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Ranar da na koma na ga wurin fayau, sai da na juya baya na share hawaye. Wani ɗan'uwanmu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, yana ganin mun rage wa gidan kuɗi da muka hana a sayar da shi dunƙule. Wataƙila yana da gaskiya ta fuskar naira. Kuma ban san ko 'ya'yanmu za su ci gaba da tura kuɗin yaɓe bayan ba mu ba.

Ba kuma cewa nake kowane gida sai an riƙe shi ba. Wani gidan sayar da shi ne alheri, idan zai biya bashin mamaci, ko ya yi wa mara lafiya magani, ko ya kashe wata gaba da ta daɗe. Abin da nake roƙonki shi ne kada labarin ya same ki a waya kamar yadda ya same ni. Idan iyayenki na raye, wannan hutun ki kai yara. Ki nuna musu ɗakin da aka haife ki. Ki ɗauki hoton zaure da rijiya da jere. Ki zauna da tsohuwar da ta rage, ki danna wayarki ki bar ta ta yi magana. Idan kuma an yi rasuwa, bayan an share makoki ki tayar da zancen rabo cikin ladabi, tun magada ba su yi yawa ba, tun zukata na haɗe.

Da Sallar da ta wuce na kai yarana Karaye. Babbar 'yata, wadda ba ta taɓa kwana a ɗakin ƙasa ba, ta tashi da safe ta ce, "Umma, wa ya kunna sanyi da daddare?" Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kakan uwarki ne ya kunna, tun kafin a haifi uwar taki." Tana zaune a inda na same ta, a kan tabarmarta, ƙarƙashin jeren Inna. Ba wanda ya sake ce mata ta gusa.

To ke fa, uwargida, yaya ake ciki da gidanku na gado? An raba, an sayar, ko yana nan yana jiran damina? Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar mu da zumunci.